Mai Hawa Ke da Hanya

Mai Aski bai taɓa ganin amfanin hawan dutse ba. Dutsen yana bayan gari tun kafin a haife shi, daga ƙofar shagonsa ma ana hango shi, kuma duk ƙarshen mako yana ganin mutane suna wucewa da jaka a baya da gorar ruwa a hannu, manya da hankalinsu, za su je su wahalar da ƙafafunsu ba tare da kowa ya aike su ba. Yakan nuna su da tsinin almakashi ya ce wa wanda ke kan kujera, "Ka ga waɗannan? Ƙoshi ne ke damunsu."

To, yau ga shi a cikinsu, da sabon takalmi mai igiya da sandar ƙarfe, autarsa tana biye da shi. Kuma ba komai ya kawo shi ba sai makullin shagonsa.

Watannin baya ne ya yanke jiki ya faɗi a shagon, injin aski na kuka a hannunsa, ya bar wani bawan Allah a kan kujera da rabin kai. A asibiti aka ce zuciya ce. A nan kuma asirinsa ya tonu, ashe ya daɗe yana jin nauyi a ƙirji yana ɓoyewa, ko an tambaye shi sai ya ce garau yake. Auta, wadda ke aiki a kantin magani, ita ta je ta kulle shagon ta jefa makullin cikin jakarta. Daga baya likita ya ce jiki ya yi kyau, ya riƙa tafiya, dutse ma zai iya hawa in a hankali ne, sharaɗin kawai in ya gaji ya zauna. Amma da aka zo maganar shago, Auta ta ce sai ta gamsu tukuna.

Zaman gida ya kusa haukata shi. Ya gyara duk abin da ya lalace, ya koma kan wanda bai lalace ba. Ya aske jikokinsa har suka fara shigewa ƙarƙashin gado in sun ji takunsa. Kewar shagon yake yi kamar mutum: kujerar nan mai juyawa da ya liƙe fatarta da salatif, madubin da ya yi tabo a kusurwa, ƙamshin hoda, da bencin da masu gardama ke cikawa ko ba aski ya kawo su ba. Ran nan dai ya kasa daurewa.

"Auta, in na hau dutsen can har ƙoli da ƙafata, ki ba ni makullina."

Ta dube shi ta ce, "Mu je mu gani, Baba."

Shi a wurinsa an yi alkawari ke nan.

Farkon hanyar babu laifi, faffaɗa ce, da inuwa, har Mai Aski yana kaɗa sanda yana cewa wai wannan ne abin da ake ta zuzutawa. Jama'a kuwa kamar kasuwa, masu hawa da masu sauka, kowa ya haɗu da kowa sai a ce sannu a wuce. Can sai hanya ta tsuke ta miƙe sama. Ƙirjinsa lafiya lau, ya saurara bai ji komai ba, amma cinyoyinsa suka fara zafi, numfashi ya fara yi masa rowa. Zama yake so. Sai dai a ganinsa, muddin ya ce ya gaji a gaban Auta, to ya yi ban kwana da makulli.

Ana cikin haka wasu samari suka taho a guje daga baya, na gabansu ya ce, "Baba, za mu wuce ta damanka." Mai Aski ya matsa gefe ya jingina da wani dutse. Kafin na ƙarshensu ya wuce ya ja numfashi mai daɗi har cikin ciki. Nan take dabara ta faɗo masa.

Daga nan fa Mai Aski ya zama mutumin da ya fi kowa ladabi a dutsen. Duk wanda ya hango, daga sama ko daga ƙasa, kusa ko nesa, sai ya koma gefe ya ce a wuce. In mutum ya yi kuskuren amsa gaisuwarsa da fara'a, sai ya tambaye shi gida da yara da aiki. Wani yaro ya zo da waƙa tana tashi daga jakarsa kamar gidan biki, Mai Aski ya tare shi ya yi masa nasiha doguwa a kan cewa mutane sun zo jin iska ne da kukan tsuntsaye, yaron ya kashe waƙar tun a jimlar farko amma bai tsira ba sai da aka kai ƙarshe. Ya ga robar ruwa da wani marar tarbiyya ya yar, ya zauna daram a kan dutse don ya ɗauke ta. Ya tsayar da wani saurayi mai gemu ya zagaya shi yana duban ƙeyarsa.

"Ɗana, wa ya yi maka wannan askin?"

"Wani abokina ne, Baba."

"To ka sake tunani a kan abotar."

Har wani kare da ya rabu da mai shi, Mai Aski ya ba shi hanya, ya tsaya yana kallonsa sai da ya ɓace.

"Baba, yau kirkinka ya yi yawa," in ji Auta.

"Tarbiyya ce. Ku yaran yanzu ba ku san ta ba."

Ta miƙa masa ruwa. Shi kuwa a ransa murna yake, yana ganin ya yi mata wayo.

Haka suka lallaɓa har suka iso wurin da masu hawa ke kira Matakala. Tsani ne aka sassaƙa a jikin dutse, a tsaye kamar bango, dutse a hagu, ƙarfen riƙewa a dama, faɗinsa na mutum ɗaya. Mai Aski ya shiga da ƙarfinsa. Bai kai tsakiya ba ƙarfin ya ƙare, gumi ya cika masa ido. Ya ɗaga kai yana neman ceto, sai ga ayari guda a saman tsanin suna shirin saukowa, sun fi a ƙirga. Daɗi ya kama shi. Kafin waɗannan su gama wucewa ai har gyangyaɗi sai ya yi. Ya lafe a wani ɗan lungu da ke jikin dutsen ya ɗaga murya.

"Bismillah, ku sauko."

Wata mata mai jar hula ce a gabansu, da alama ita ke jagorantarsu. Ta ɗaga hannu, duk suka tsaya cak, suka jeru a gefe.

"Taho abinka, Baba. Mai hawa ke da hanya."

"A'a, 'yata, ku dai ku wuce. Ku ne da yawa."

"Ko mun cika dutsen nan, sai ka hau. Mai hawa in aka katse masa tafiya, ɗaukarta kuma aiki ne. Mu da muke sauka tsayawa ba ta yi mana komai."

"Ai ba na shiga gaban mata."

"Mu kuma ba ma shiga gaban manya."

Aka yi dariya sama da ƙasa. Mai Aski ya waiwaya. Layi ya taru a bayan Auta har ya sha kwana, ga saurayin nan mai gemu da yaron waƙa, waɗanda suka tsaya ɗaukar hoto aka wuce su, ga wani mai ƙiba da tawul a wuya. Da ma a ce tsaki suke yi ko gunaguni, da ya san yadda zai yi da su, don ya saba da masu jiran layi. Ina. Kowa ya tsaya yana murmushi, ana jiransa cikin mutunci. Wani daga sama ya ce, "Saura kaɗan, Baba," wata ta fara tafa masa, sauran suka ɗauka. Tunda yake bai taɓa jin haushin mutanen kirki irin na ranar ba.

Ya cije ya fito daga lungun, ya ɗaga ƙafa ya hau taki ɗaya. Ƙafar ta yi masa nauyi kamar ta aro. Ya san jikinsa sarai, in ya matsa zai iya kaiwa sama, zai kuma iya zubewa a kan 'yarsa da duk wanda ke bayanta. Sai ya tuna sanyin simintin shago a kumatunsa, da gashin mutane da ya manne masa a baki. Ya tuna fuskar Auta da ya farka a asibiti, idanunta sun kumbura, tana tambayarsa me ya sa bai faɗa wa kowa ba. Tsoro ya kama shi, ba na faɗuwa ba, na sake ganin wannan fuskar.

Ya ja da baya ya koma lungun, ya zauna, ya ajiye sandar a kan cinya. Tafin ya tsaya.

"'Yata," ya ce wa mai jar hula, "ba kara nake yi muku ba. Na gaji ne. Hutawa nake so in yi."

"Ayya, Baba, ai da ka faɗa tun ɗazu. Hanyar taka ce, in ka ce hutawa za ka yi, shi ke nan." Ta leƙa ta tambayi na bayansa ko za su hau.

Mai tawul ya riga ya zube a kan wani dutse a gindin tsanin yana fifita da hula. "Ku sauko, don Allah," ya ce. "Baba, Allah ya saka maka da alheri. Tun daga ƙasa nake neman wanda zai fara faɗa."

Sai ga mutane suna ta neman wurin zama, ana dariya ana buɗe goruna. Ayarin ya sauko ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zo daidai lungun sai ya ce sannu Baba, wata yarinya ta ajiye masa lemo a hannu. Yana amsawa, amma ransa a jagule yake. Shago dai ya tafi. Gobe ma gida, jibi ma gida, shi da jikokin da ke gudunsa. Auta ta matso ta tsuguna a takin da ke ƙasa da shi, ya ƙi yarda su haɗa ido.

"To, kin ji da kunnenki," ya ce. "Riƙe makullinki."

Ya ji ta zuge jaka. Ya ɗauka maganinsa za ta ciro, ya miƙa hannu ba tare da ya duba ba. Abin da ta sa masa a tafin hannu ƙarfe ne mai sanyi, da ɗan zaren nan shuɗi da ya ɗaura masa da kansa.

"Ai ban kai ƙoli ba."

"Ni na ce sai ka kai ƙoli? Kai ka faɗa, Baba." Ta yi murmushi. "Tun ranar da ka faɗi nake jiran in ji kalmar nan daga bakinka. Ba ƙarfinka nake tsoro ba, shirunka nake tsoro. Mutumin da zai ce ya gaji a gaban wannan taron, zan iya barinsa shi kaɗai a shago in yi barci."

Mai Aski ya juya makullin a hannunsa. Ya sunkuyar da kai, ya yi kamar lemon yake dubawa.

"Wato kin gane tun ɗazu."

"Baba, har kare ka ba hanya."

Dariya ta ƙwace masa, ya yi ta har da hawaye, ya bar su a matsayin na dariya. Da ya huta ya ce tunda an zo nan ai sai a ƙarasa, a ga abin da ke kai masu ƙoshi can sama. Suka hau a hankali. Duk inda ya gaji sai ya tsaya ya sanar da babbar murya, har Auta ta ce ya isa haka, ba sai duk dutsen ya ji ba. Daga ƙoli ya nemo rufin shagonsa da ƙyar, ɗan mitsitsi a cikin sauran, ya nuna wa saurayi mai gemu ya ce ya zo a gyara masa ɓarnar da abokinsa ya yi.

Ranar da ya buɗe shagon, ya share ƙura, ya goge madubi, benci ya cika kafin ya gama. Wanda ya fara hawa kujera shi ne bawan Allahn nan da aka bari da rabin kai, ya ce ya zo a ƙarasa masa aikinsa. Aski ya yi nisa, gefe ɗaya ya fita tas, sai Mai Aski ya kashe inji. Mutumin ya zaro ido a madubi, ya dafe hannun kujera zai tashi.

"Kwantar da hankalinka," in ji Mai Aski. "Na ɗan gaji ne. Bari in zauna."

Masu benci suka matsa masa. Ya zauna a tsakiyarsu, ya ciro waya ya kira Auta ya gaya mata ya gaji.