Ciwon Aro

Ranar da matar asibitin ta fara zuwa layin, babu wanda ya amsa gaisuwarta da zuciya ɗaya. Ta kama ɗakin da ke tsakanin shagon aski da rumfar walda, inda a da ake jibge tsofaffin tayoyi, ta share, ta sa tebur da kujerun roba biyu, ta manna takarda a ƙofa. Waɗanda suka iya karatu suka ce an rubuta wai duk wanda damuwa ta hana shi barci ko cin abinci ya shigo ran Talata ko Alhamis, kyauta.

Kyautar nan ita ta fara ɓata wa Mai Walda rai. Shekara ashirin da biyu ke nan da shi da mutanensu suka zo garin neman abinci, suka tare a bayan tashar manyan motoci, kuma a iya saninsa ba a taɓa ba su komai kyauta ba sai harara. In ka je asibiti, kafin ka gama harhaɗa yaren masu gari an kira na bayanka. Yau kuma asibitin ne da ƙafarsa ya tako har ƙofar shago? Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya ƙara dagula zancen, matar tana jin harshensu. Da gargada take yi, ta ce wajen kakarta ta koya. Mai Aski ya ce ai dama irinsu ake zaɓowa.

A shagon askin nan ake yanke hukuncin komai na layin. Wani ya ce sunayen marasa takardar zama take tarawa. Wani ya ce duk direban da ya shiga, an rubuta shi mai taɓin hankali, lasin tuƙinsa ya tafi ke nan. Mai Aski kuwa, yana kaɗa almakashi, ya rantse akwai allurar da in an yi wa mutum sai ya ƙare rayuwa yana dalalar da miyau. Suka sa mata suna Mai Biro, don kullum biro na rataye a wuyanta. Sati uku namiji ko ɗaya bai leƙa ba. Daga nan aka ce zaman zato ya isa, a tura mutum ɗaya ya yi ƙaryar ciwo ya gano inda takardun da take rubutawa ke zuwa. Aka zaɓi Mai Walda, don takardunsa cikakku ne, kuma ko matarsa ta haƙura da juya masa ra'ayi.

Sai da ya ɗaga labulen ɗakin ran Alhamis da hantsi ya tuna bai shirya ƙaryar ba. Shi mutum ne da in ya kwanta sai an buga ƙofa, in ya zauna gaban kwano sai ya ga gindinsa. Ciwo ɗaya ya sani a kusa, na ƙanensa ne, Direba. Wata huɗu da suka wuce motarsa ta yi karo a hanya, shi ko ƙwarzane bai yi ba, amma mutumin ɗaya motar ya mutu a hannunsa. Hukuma ta wanke shi. Tun daga ranar yake ɗakin baya na gidan yayan, ba fita ba hira. Mai Walda ya ɗauki abin a matsayin sangarta, ya ce da kowa a bar shi, yunwar aiki za ta fito da shi.

Ta tambayi sunansa, ya ce ya bar shi a gida. Ta ajiye biron ta ce ba komai. Ya ce a ransa, wannan dabara ce ta farko.

Sai ya shiga zubo ciwon aro. Wata huɗu ke nan ba ya barci, sai ido biyu har gari ya waye. Abinci kamar ƙasa a bakinsa. In ya ji an taka birki a titi, jikinsa ya ɗauki rawa. Tana tambaya yana amsawa, har ya fara jin daɗin kansa, don ramin ƙaryar nan ba ƙurarre ba ne, duk da idonsa ya gani. Yana magana yana leƙen ƙarƙashin tebur ko akwai abin naɗar murya. Babu komai sai jakarta da robar ruwa.

Ta ce, "Kawu, kwanan nan ka fara rabar da kayanka? Abubuwan da kake ji da su?"

Ya buɗe baki zai ce a'a, idonsa ya faɗa kan agogon da ke hannunsa. Ranar Asabar Direba ya ba shi, ya ce shi yanzu ba ya bukatar sanin lokaci. Takalminsa na fita kuma yana ƙafar surukinsu. Rediyon ma ya ba matar gidan.

Ta bi idonsa zuwa kan agogon, ta ce, "Zan tambaye ka kai tsaye, don ba a kewaya wannan. Tunanin kashe kanka yana zuwa maka?"

"Mutanenmu ba sa haka."

"Ba mutanenku na tambaya ba."

Ya nemi amsa a cikin kayan aron, babu. Duk abin da ido ke gani ya kwaso, wannan kuwa ba a ganinsa daga bakin ƙofa. Ya ji bakinsa ya ce bai sani ba.

"To wanda ya sani, a tambaye shi yau. Kada a bari sai gobe."

Ya miƙe har kujerar ta faɗi. Ya ce wane munafukin ne ya kawo mata labarin gidansa. Ta ce babu kowa, amma mutumin da ya yi wata huɗu ba ya cin abinci ba ya cika kujera haka. Bai yi dariya ba. Ya dafa tebur ya tambaye ta abin da aka aiko shi tambaya: ina takardun ke zuwa? Ta ce suna cikin akwati mai makulli a asibiti, ba ta da hulɗa da masu ba da lasin ko masu duba takardun zama. Sai dai abu ɗaya ba za ta ɓoye masa ba: in ta ga ran mutum na cikin haɗari, za ta kira likita, kuma a gaban mai shi za ta kira. Wannan ya fi komai tsaya masa a rai. Mai son yaudararka ba ya nuna maka ƙugiya. Ko kuwa ita ce dabarar ta biyu? Ta ƙara da cewa tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, shirun ne ke ba tunanin wurin girma.

Bai bi ta gaban shagon aski ba, ya zaga ta bayan tasha zuwa gida.

Ɗakin baya na warin rufi. Taga a kulle, kwanon safe a rufe yadda aka kawo shi, Direba a zaune bakin katifa yana kallon bango. An share ɗakin tas, kayan sawa a ninke a kusurwa. Da jiya ne, da Mai Walda ya ce alhamdu lillahi, yaro ya fara dawowa hayyacinsa.

Ya zauna a ƙasa, abin da bai taɓa yi ba a gaban ƙanensa. Ya yi zancen zafi, ya yi zancen wata ƙofa da yake haɗawa. Tambayar ta ƙi fita. Mutumin da ke narka ƙarfe ya kasa ɗaga harshensa. Daga ƙarshe ya runtse ido ya faɗe ta yadda matar ta faɗa, ba ragi.

Direba bai yi tsalle ba, bai yi salati ba. Ya juyo a hankali.

"Wa ya gaya maka, Yaya?"

"Kai nake tambaya."

"Tun watan jiya." Ya sunkuyar da kai. "Ina jira ne ka gama aikin ƙofar nan, kada in ɓata maka."

Zagi ya taso wa Mai Walda har maƙogwaro, don shi ne abin da ya iya, ya haɗiye. Ya ce tashi ka sa riga. Direba ya ce in aka rubuta shi, shi da sitiyari har abada. Yayan ya ce shi ma bai yarda da matar ba, kuma bai san abin da za ta yi da takardar ba, amma lasin ba ya tuƙa mota shi kaɗai.

Hanyar bayan tasha ta yi nisa ga mutumin da ya yi wata huɗu a ɗaki, dole suka bi ta layi, rana tsaka, kowa na wurin sana'arsa. Guduma ta tsaya. Mai Aski ya fito da almakashi a hannu, ya bar mutum da rabin kai. Ya ce, maigida, kai muka aika, ya ka dawo da ƙari? Mai Walda ya ce ya koma ya ƙarasa kan mutane.

A bakin ƙofar Mai Biro ya gindaya sharuɗɗa: ba allura, ba suna, kuma yana nan zaune. Ta yarda da cewa ba za a yi komai ba sai an gaya musu. Na ƙarshen ne ta ƙi. Ta ce akwai abin da ƙane ba ya faɗa a gaban yayansa. Ya dubi Direba yana jiran ya ce a'a, Yaya ya zauna. Direba ya kalli ƙasa.

Mai Walda ya ja kujera ya fita, ya dasa ta a jikin ƙofa, ya ba layin gaba, idanu sun fi ashirin a kansa. Can ya fara jin muryar ƙanensa ta cikin katako, ƙasa-ƙasa, tana tsayawa tana ci gaba. Ba ya jin kalmomin. Ya karkata kai zai manna kunne, sai ya fasa, ya ƙara matsar da kujerar gaba kaɗan.