Lafiyar Na'urar Ƙalau

Na'urar hoton ciki ba ta da wata matsala. Abin da injiniya ya rubuta ke nan a takardarsa ranar Alhamis, bayan ya shafe awa ɗaya da rabi yana gwada ta a ɗaki na huɗu na asibitin unguwa. Kwana uku ke nan ɗakin a rufe, an mayar da mata goma sha bakwai gida, saboda mai aiki da na'urar ta ce ta lalace.

Anti Hoto ake kiranta, har likitoci. Shekara goma sha ɗaya tana wannan ɗaki mai taga ɗaya da labule mai kauri, ita kaɗai ta iya na'urar a duk asibitin. Tana da wata al'ada da ta koya wajen malaminta: kowace safiya, kafin a buɗe ƙofa, sai ta shafa jel a wuyanta, ta ɗora kan na'urar a gefen maƙogwaro, ta duba ko hoto na fita tas. Malamin yakan ce jikin da ka sani shi ne ma'aunin da ba ya ɓata. Ta san wuyanta a kan allo fiye da fuskarta a madubi.

Ranar Litinin da ta dawo daga hutun wata guda, ta ɗora kan kamar kullum, sai ga wani baƙin abu a ɓangaren hagu, mai zagaye, kamar ƙwayar wake. Ta danna maɓalli hoton ya tsaya, ta adana shi, ta ɗaga hannunta. Ta goge wuyanta, ta gyara mayafi, ta je teburin babbar nas.

"Sista, a kira injiniya. Kan nan ya fara kawo tabo."

"Yau da kika dawo? Kin ga layin da ke waje kuwa?"

"Na gani. Ba zan yi wa mutane hoto da abin da ban yarda da shi ba."

"To, ke da mijinki kuka sani," in ji Sista, domin da wannan sunan take kiran na'urar.

Kwana ukun nan Anti Hoto ba ta yi fashin zuwa aiki ba. Takan zauna a ɗakin da fitila a kashe, ta jera tsofaffin takardu, ta wanke abin da ta riga ta wanke. Da rana ta ci abincinta a nan, kwano a kan cinya. Ranar Talata yayanta ya kira, ya ce matarsa na da ciki wata biyar, yaushe za su zo a duba musu. Ta ce sai an gyara na'ura. Ya ce to, a gaida gida, alhali ya san ba kowa a gidan sai ita.

Injiniyan dattijo ne mai furfura, yana janye da akwati mai taya. Ya tsugunna ya bi waya da yatsa tun daga gindi har kai, yana neman inda ta karye. Ya goge kan na'urar ya ɗaga shi a iska, ya ƙura wa allo ido. Layuka farare suka jeru a sama, babu giɓi ko ɗaya.

"Malama, matso ki gani. Ƙwayoyi ɗari da ashirin da takwas ne a bakin nan. Kowace tana aika sauti cikin jiki, ta saurari abin da ya dawo. In ɗaya ta mutu, baƙin layi za ki gani daga sama har ƙasa, kamar an cire haƙori."

"Na sani."

"Na san kin sani. Tsufa ne, sai na yi ta magana."

Ya fito da wani ɗan akwati cike da abu mai kama da roba, wanda aka binne zarurruka a cikinsa a zurfin da aka auna. Ya ɗora kan a kai. Ɗigo-ɗigo suka fito farare, kowanne a inda ya kamata. Ya auna tsakaninsu, santimita ɗaya cif. Ya ƙara haske, ya rage, ya canza zurfi, ya girgiza wayar ko hoton zai yi rawa. Bai yi ba.

"Ina hoton da kika ga tabon?"

Ta buɗe masa. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba daga sama ya faro ba. Yana can ciki, kusan santimita biyu, kuma yana da gefe. Na'ura takan yi ƙarya, amma ba ta iya zana da'ira haka. Da kika gan shi, kin juya kan?"

Wannan shi ne abu na farko da ake koya wa kowa: in ka ga abin da kake shakka, ka juya kan na'urar ka duba ta wani ɓangaren. In ya bi hannunka, na na'ura ne. In ya tsaya inda yake, na jiki ne. Ita kanta ta koya wa ɗalibai fiye da ashirin haka.

"Ban juya ba."

"Mai wuyan fa? A kira ta a sake."

"Ta tafi."

Ya sake duban allon. Wajen suna babu komai. A ƙasa akwai lokacin da aka ɗauki hoton, bakwai da minti goma na safe, kuma ba a buɗe asibitin sai takwas. Ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya fara naɗe wayoyinsa a hankali.

"Ni ƙarfe na sani, Malama, ban san jikin mutum ba. Amma in kin ga matar nan, ki ce mata kada ta jira ni. Ni na gama nawa."

Ya sa hannu a takarda, ya ajiye mata kwafi a kan gado, ya ja akwatinsa. Ta ji Sista a waje tana tsokanarsa, wai ya zo ya sha iska ya tafi, tana kuma gaya wa masu jira su dawo gobe da wuri.

Anti Hoto ta murza makulli. Ta zauna a bakin gadon da take kwantar da mutane, ta juyo allon ya fuskance ta, ta shafa jel ɗin, mai sanyi. Abin yana nan. Ta juya kan a tsaye. Yana nan, ya ɗan yi tsawo. Ta matsa gefe, bai bi ta ba. Ta haɗiyi yawu, ya hau ya sauka tare da maƙogwaronta. Ta auna shi kamar yadda za ta auna na kowa, santimita ɗaya da ɗigo huɗu, ta rubuta sunanta a saman hoton, ta buga shi a takarda.

Likitan da ke aiki ranar ya duba, ya ce hoto ba zai faɗi ko mene ne ba, sai an ɗebi kaɗan da allura an kai ɗakin gwaji a babban asibiti. Aka ba ta ranar sha tara ga wata. Washegari ta duba mutum ashirin da uku, har da matar yayanta, wadda ta ce Anti ta rame, ko hutu ne bai karɓe ta ba.

A takardar babban asibitin akwai layin da ake rubuta sunan wanda zai rako mara lafiya. Saura kwana shida, ba ta cike shi ba tukuna.