Jitar Bahago

Tun kafin Shugaba Bang ya saka kaset ɗin a rediyo na gane rubutun da ke bayansa. Rubutu ne mai kwanciya baya, irin na bahago, da jan biro: "Dongducheon, kaka, 1974." Kofin giyar shinkafa na hannuna, na rasa ko in sha ko in ajiye.

Mu bakwai ne, kowace Lahadi bayan abincin rana muke haɗuwa a ɗakin ƙasa na shagon Bang a unguwar Euljiro, cikin Seoul. Duk mun haura hamsin, duk mun ajiye tumbi, kuma babu wanda ya iya kaɗa ko gwangwani a cikinmu. Ƙa'idarmu ɗaya ce: kowa ya kawo solon da ya fi so, wato wurin da mawaƙi ke yin shiru a bar mai jita shi kaɗai ya faɗi abin da ke ransa. Sharaɗi kuma a gaban jama'a aka ɗauka, ba a ɗakin gyaran sauti ba. Ni na fi kowa iyayi. Faifai ɗari takwas gare ni a gida, na makaɗan blues da rock na Amurka da Ingila, ina iya gaya maka garin da aka yi kowane wasa da launin rigar makaɗin.

"Yau sai kun cire hula," in ji Bang. "A kasuwar gwanjo ta Dongmyo na tsinto shi, cikin kwali, tsakanin tsofaffin takalma."

"Shugaba, makon jiya ma haka ka ce, ƙarshenta barci muka sha," in ji Likita Ma, mai cire haƙori, wanda bakinsa ba ya hutawa.

"Yi mana shiru, mahaucin baki."

Ya danna. Hayaniyar sojoji ta fara fitowa, da ƙarar kwalabe. Wani ya rera baiti biyu da Turanci mai gargada, ya yi shiru. Sai jita ta ɗauka da sauti ɗaya tak. Makaɗin ya ja shi, ya riƙe, ya ƙi saki, har hayaniyar ta mutu da kanta. Daga nan ya shiga zuba, a hankali, kamar mai ba da labarin da ya daɗe yana cinsa. Wajen minti na huɗu tsirkiya ta tsinke, ƙarar ta fito ƙarara. Bai tsaya ba. Ya koma kan sauran biyar ɗin, abin ma ya fi na farko zafi.

Da ya ƙare, Likita Ma ya cire tabarau yana goge ido.

"Wannan baƙin Ba'amurke ne, ko a gaban alƙali zan faɗa."

"Namu ne," in ji Bang. "Kuma bahago ne. Jitar masu hannun dama ya juya bai sake ɗaurin tsirkiya ba, shi ya sa yake janta ƙasa maimakon sama. Na tambayi duk tsofaffin da na sani, babu wanda ya san sunansa." Ya juyo gare ni. "Manaja Pyo, ba a Dongducheon ka tashi ba? Ba ka taɓa jin labarinsa ba?"

Idanun mutum shida suka dawo kaina. Kalma uku kawai ake nema a bakina.

"Haba Shugaba," na ce, har da 'yar dariya. "Makaɗan bariki ai sun fi ƙudan kasuwa yawa. Wa zai riƙe sunansu?"

* * *

Sunansa Pyo Du-cheol, kuma shi ya haife ni.

A makarantar firamare, ranar da malami ya ce kowa ya faɗi sana'ar ubansa, na faɗi gaskiya sau ɗaya, ban ƙara ba. Shekara uku ana kirana ɗan makaɗin bariki. A garinmu wanda ke kiɗa wa sojojin Amurka su yi rawa da 'yan matan unguwa bai da maraba da maroƙi, ko da da wannan kiɗan yake sayen shinkafar gidansa. Da na tashi aure, ranar da iyaye ke haɗuwa su ci abinci, na roƙe shi ya ce ma'aikacin sito ne a sansanin soja. Ya ce to. Ya zauna cikin aron kwat daga farkon cin abincin har ƙarshensa, hannunsa na dama a ƙarƙashin tebur, don kada surukaina su ga kantar da ke kan yatsunsa.

Abin dariyar, wanda ban taɓa yi wa dariya ba, shi ne a gidansa kunnena ya koyi wannan kiɗa. Na girma na shiga bautar Turawan da ke yinsa, na bar wanda ke yinsa a ɗaki ɗaya da ni. Kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara, ni ban hau ba, raini kawai na iya.

Bayan rasuwar mahaifiyata hankalinsa ya fara gushewa. Matata ta ce gidanmu ɗaki uku ne, yara na shirin jarrabawa. Ban yi musu ba, don abin da nake so in ji ke nan. Na samo masa gado a wani gidan kula da tsofaffi bayan Yangju. Ɗakinsa kuwa a yini ɗaya na kwashe shi. Kaset-kaset na zuba a kwali na ajiye bakin titi, inda tsofaffin da ke tara kwalaye za su ɗauka. Jitar ta fi ƙarfin jakar shara, sai na je ofishin unguwa na karɓo takardar da ake manna wa manyan tarkace. Na manna mata a ciki, daidai inda hannunsa ya cinye fenti, na jingine ta kusa da wata karyayyiyar kujera. Na tuna har daɗi na ji da na bi doka.

* * *

Bang ya tura mana kiɗan a waya. Ran Litinin na ɗauki hutun rabin yini na kama hanyar Yangju. Rabona da wurin tun bikin kaka, ga shi har damina ta ƙarato.

"Ku ne ɗan nasa?" in ji Madam Gu, mai kula da ɗakin, tana kallona sama da ƙasa. "Sannu da zuwa. Ni dai sa hannunku na sani."

Su shida ne a ɗakin, talabijin na ta magana babu mai sauraro. Baba na gadon kusa da taga, ya koma rabin yadda na bar shi. Hannunsa na dama na cikin wata ƙatuwar safa mai kauri, an ɗaure ta da igiya a ƙarfen gado.

"Wannan fa?"

"Ai ku kuka amince, ta waya, watan Disamba. Hannun ne ba ya zama. Yini yake yana danna ƙarfen gado da yatsu, sama da ƙasa, sama da ƙasa, har fata ta tsage. Likita ya ce alamar rikicewa ce."

Na tuna kiran. Ina tsakiyar taro, na ce su yi duk abin da ya dace, na kashe. Da na saurara minti ɗaya da na gane. Bahago da hannun dama yake danna tsirkiya. Duk ginin nan ni kaɗai na san haka, kuma ni na ce a ɗaure.

Na kwance igiyar, na zare safar. Madam Gu ta juya tana gyara labule. Yatsun sun lanƙwashe, sun yi fari, kantar nan ta tafi.

"Baba, ni ne, Sang-gil."

Ya dube ni da ladabi, har yana ƙoƙarin sunkuyar da kai. "Sannu da aiki, Yallaɓai."

Na kunna wayar na ajiye kan filo. Hayaniyar sojoji ta cika kunnensa, bai motsa ba. Da sautin nan na farko ya fito, sai ya lumshe ido. Yatsun suka nemi ƙarfen gado, suka same shi. Biyu ne kawai ke iya miƙewa, su ma a makare suke zuwa, kiɗan ya wuce ya bar su.

"Yaron nan zai iya," ya ce, "in ya rage gaggawa."

"Baba, kai ne. Kai ke kaɗawa."

Bai ji ni ba. Ya ɗaga yatsa ɗaya. "Ta uku za ta tsinke."

Sai ta tsinke. Ya yi dariya, ta farko da na ji a bakinsa cikin shekaru, babu haƙori ko ɗaya. Ni kuwa kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga kai. Tsohon gadon kusa ya ce a ƙara sauti, na ƙara.

Da kiɗan ya ƙare ya daɗe yana kallon taga. Hadari na haɗuwa a bayan tsauni. Ya kamo hannun rigata da yatsun nan biyu.

"Yallaɓai, a Seoul kake?"

"E, Baba."

"Ɗana ma a can yake. Babban mutum ne, manaja, aiki ya yi masa yawa. Jitata na wurinsa, shi yake ajiye mini." Ya matso da murya ƙasa-ƙasa. "Don girman iyayenka, in ka gan shi ka ce ya sassauta tsirkiyoyin kafin ruwa ya sauka. In ba haka ba wuyanta zai lanƙwashe. Shi bai san kan jita ba, ba laifinsa ba ne."

Na ce to, zan gaya masa.

"Lokacin ziyara ya cika," in ji Madam Gu a hankali. "In kuna so a daina ɗaurewa, sai likita ya zo ran Alhamis ku sa hannu a wata takardar. Ni ba ni da iko."

Ta ɗauki safar. Baba da kansa ya miƙa mata hannun, yadda ya saba. Daga bakin ƙofa na waiga. Ruwa ya fara bugun taga, safar kuma tana motsi kaɗan-kaɗan a jikin ƙarfen gado.