Icce Ɗaya Daga Kabarin Baba Malami

"Ya sake lanƙwashewa ko?" in ji Baba Malami daga kan tabarmarsa a zaure, yana dariya har da tari.

Bilyaminu mai gyaran babur, maƙwabcinsa, ya ɗaga abin sama. Tun da ya ga mandolin, wani irin molon Turawa, a waya ya rantse sai ya ƙera nasa. Jikin ya yi kyau, amma da zarar ya ɗaure tsirkiyoyi takwas na wayar birki, sai wuyan, da ya sassaƙa da itacen dogon yaro, ya gantsare. Wannan ne na uku.

"Tsoho, ka ji da ciwonka mana."

"Ni ciwona na tsuhwa na. Kai mi ak kai ka ga ɗanyen dogon yaro? Molon Turawa za ka yi, ko bakan harbin ɓera?"

Baba Malami fa tsohon makaɗin molo ne, har daga Lambara ake zuwa ɗaukarsa biki. Tun damina ciwo ya kwantar da shi, amma bakin nan ko gezau.

"Safiya! Buɗe mai ɗakin baya."

Duk Shagari an san abin da ke ɗakin baya: itacen ƙirya busasshe ƙayau, wanda tsohon ya daɗe da tanada don rufin kabarinsa.

"Malam, iccen kabarin naka?" in ji matarsa Inna Safiya, ta dafe ƙirji.

"Guda ɗai. In ƙasa ta zubo min ga ƙahwa, sai in janye ƙahwar."

Bilyaminu ya leƙa ɗakin, ya ja da baya.

"Ɗauka, ɗan nema. Amma yi maza, in ji kukan molon kahin a kira ni. Kuma ka sassaƙe tsakiyar wuyan ka kwantar da rodi. Ni da likita yas sa min ƙarhe ga cinya, ka taɓa ganin na lanƙwashe?"

"Kullum ai a lanƙwashe kake."

"Wanga ruku'u na, ja'iri!"

Ƙirya ba ta da mutunci. Ta karya masa kurfin sassaƙa, ta sa tafin hannunsa ya yi kanta. Ya garzaya Bodinga aka yanko masa siririn rodi, ya kwantar da shi cikin wuyan, ya shafa gam, ya rufe da katako. Kowace safiya sai ya leƙa zauren, sai ya ji: "Ina nan, ban tahi ba. Kai aka jira."

Wata Juma'a bayan la'asar ya kawo mandolin ɗin. Ya riƙa ɗaure tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, gumi na tsiyaya, kowa ya zuba wa wuyan ido. Ta takwas ta ɗauru. Wuya ko motsi.

Ya kaɗa. Akuyar Inna Safiya ta tsinke igiya.

"Wuya ya miƙe," in ji tsohon. "Saura makaɗin a sa mai rodi. Miƙo nan."

Tsohon ya lalubi tsirkiyoyin, sai ga wani tsohon taken noma ya fito tangaram. Inna Safiya ta fito da ludayi a hannu, ta rangaɗa guɗa, ta ɗan taka.

"Kin tuna?" ya ce.

"Kai dai kaɗa, Malam."

Baba Malami bai kai wata Juma'ar ba. Da hantsi ya cika, cikin barci.

A maƙabarta aka jera itacen ƙirya, sai ga giɓi ta wajen ƙafa. Ana neman wanda zai saro reshe, Bilyaminu ya kwance buhun da ya rataya, ya fito da wuyoyin nan uku na dogon yaro.

Mai haƙa kabari ya jujjuya su. "Waɗanga ai duk sun lanƙwashe."

"Jera su hakanan," in ji Bilyaminu. "Ya san su."

Suka rufe giɓin daram. Aka kwaɓa laka aka shafe.

Da suka dawo, Inna Safiya ta riga ta naɗe tabarmar ta jingine a bangon zaure. A bisanta mandolin na rataye jikin ƙusa, wuyansa a miƙe samɓal.