Bidiyon Gonar Baba Ya Ƙi Fita

Tun da ciwon ƙafa ya kwantar da Malam Shu'ibu a gidansa na Haɗeja, bai sake ganin gonarsa ta shinkafa da ke Auyo ba. Don haka 'yarsa Umaima ta shiga kwalekwale ta ɗauko masa gonar da wayarta, ta zauna da kwamfuta bayan la'asar tana haɗa bidiyon.

Haɗawar ba ta ba ta wahala ba, fitarwar ce ta gagara. Duk sanda ta danna, sai abin ya kai kashi sittin da takwas ya tsaya cak. Ta goge tsofaffin hotuna don a sami wuri, ta kashe kwamfutar ta kunna, ta rage ingancin hoton, duk a banza.

Yayarta Bilkisu, da ke tsince wake a gefe, ta ce, "Kullum a wuri ɗaya yake tsayawa? To, duba mene ne a wurin mana."

Umaima ta duba. Ashe guntun bidiyon da take ɗauka ne sanda cajin wayar ya ƙare, sai ya lalace. Ta cire shi, ta sake dannawa, bidiyon ya fita lafiya lau.

Malam Shu'ibu ya kalla har sau biyu. Can ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Amma ki gaya wa yayanku Safiyanu ruwa ya yi yawa ta gabas, gobe ya buɗe masa hanya."