Lissafin Masu Wankin Ƙoda

Layin da ke fuskar kwamfutar yana gangarowa kamar matakalar bene, kowane mataki rai ne da ya tafi. Dakta Mika'ilu ya gyara tabarau ya ƙura masa ido. Ya daɗe yana koyar da ƙididdiga a Dutse, ya ga irin wannan zane ba adadi, amma bai taɓa jin ya shafe shi ba sai yau.

Aikin na Justina ne, ma'aikaciyar jinya 'yar Kafanchan da ke digiri na biyu a ƙarƙashinsa. Ta bi bayanan masu wankin ƙoda don ta gano tsawon lokacin da suke yi a raye. Tun da ta ji matarsa, Hajiya Maijidda, ta fara wankin bayan ƙaramar salla take ta kame-kame, har ta ce za ta roƙi sashe a sauya mata mai duba aiki. Ya ƙi. Ya ce lalurar gidansa ba za ta tsayar da karatun 'yar mutane ba.

Sai ya lura layin ya cika saurin faɗuwa. Ya tambaye ta yadda ta yi da waɗanda suka daina zuwa asibiti. Ta ce ta sa su cikin mamata, tunda wanda ya bar wanki sai dai addu'a.

"Kin ga jana'izarsu?"

Ta sunkuyar da kai.

"Wani ya koma Kano, wani ɗansa ya ɗauke shi Abuja. Abin da muka sani kawai shi ne ranar ƙarshe da aka gan shi da rai. Nan za ki tsaya, Justina. Kada ki binne wanda Allah bai ɗauka ba."

Suka ware su, suka sake lissafi. Layin ya ɗago, amma kaɗan. Bayan ta fita ya sake bi da kansa, ko zai samu wani kuskuren da zai ƙara ɗaga shi. Bai samu ba.

Da la'asar ya koma gida, ya tarar da Maijidda a tabarma ƙarƙashin darbejiya, tana tsinkar zogale da hannu ɗaya, ɗayan da bandeji. Tsohuwar malamar firamare ce, ba a yi mata kwana-kwana. Ta bari sai da ya sha ruwa.

"Malam, yarinyar nan taka ta gama ƙirga mu?"

Ya ce ta kusa.

"To cikin goma, nawa ke ganin damina biyu? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya so ya ce Allah ne masani ya tsaya a nan, kuma da ya yi hakan, da gaskiya ya faɗa. Amma ya san idan ya kauce yau, gobe wajen baƙo za ta ji. Ya faɗa mata adadin, bai rage ba, bai ƙara ba. Sannan ya ce lissafi taron jama'a yake gani, bai san sunan kowa ba.

Ta daɗe tana juya reshen zogalen. Wani ganye ya faɗa kan zanenta, ba ta karkaɗe shi ba.

"Ya fi yadda na zata," ta ce a hankali. Sai ta kawo zancen bikin Zulaihatu, 'yar ƙanenta, da aka sa bayan kaka a Taura. Tana son a ɗinka mata shuɗin leshi, mai dogon hannu, don ya rufe bandejin.

"Za mu je?"

Kalmomin aji suka taru masa a baki: mai yiwuwa, bisa ƙiyasi, idan aka duba. Ya haɗiye su.

"Za mu je, in sha Allah."

Ta tura masa faifan zogalen. "To taya ni, hannun nan ya gaji."

Ya cire hula, ya naɗe hannun rigarsa, ya zauna a gefen tabarmar.