Murya ta Uku

Tun ranar da aka ce jarumin da ke fitowa a matsayin Mai Baƙar Kwat ya ajiye aiki, gidanmu bai sake samun sakat ba. Mai Baƙar Kwat shi ne sunan da mutane suka laƙaba wa ɗan leƙen asirin nan na jerin finafinan ƙasar waje, wanda ake harbi ba ya mutuwa, a jefa shi cikin teku ya fito da rigarsa a goge. Ni ban taɓa kallon ko ɗaya har ƙarshe ba, barci ke ɗauke ni. Amma da shi muka ci muka sha, da shi muka sa yara a makaranta, domin maigidana ne muryarsa. Idan sabon fim ya fito, kamfanin fassarar da yake wa aiki sai su cire maganar asali su ɗora tasa, ka ji mutumin yana zuba Hausa da bakin Baban yara.

To a kamfanin nan akwai al'ada tun ta da: idan fuska ta canza, ana sake duba murya. Shi ma Baban yara da haka ya samu aikin, lokacin yana saurayi, aka canza jarumi aka sallami dattijon da ke yi kafin shi. Saboda haka abin da sauran jama'a suka ɗauka abin hira, mu a wajenmu zancen aikinsa ne, ko ya ci gaba ko ya zauna a gida yana kallona ina taka keken ɗinki.

Hira kuwa an sha ta har ta gundure ni. A shagon aski ita ce, a cikin bas ita ce, a waya kuwa ba a magana. Kowa ya zama masani. Wani ya rantse ɗan'uwan abokinsa ya ga hoton wani yaro ana gwada masa kwat, wanda suke kira Ɗan Kwalisa, ko gashin baki bai gama fito masa ba. Wasu suka ce a'a, Mai Furfura za a ba, wani dogo da ya kwana biyu a duniya, mai fari-farin gashi a gefen kunne. Akwai masu cewa mace za a sa a wannan karon, sai masu zagi su taso musu. Har mai kawo mana ruwa ya tsaya a bakin ƙofa yana yi min bayanin cewa Ɗan Kwalisa ba shi da kafaɗa. Na ce masa ya juye ruwan tukuna.

Lissafin Baban yara mai sauƙi ne. In aka ɗauki Mai Furfura, murya mai nauyi za a nema, kuma tasa ce. In aka ɗauki Ɗan Kwalisa, shi ke nan, an gama da shi. In kuma mace ce, ya ce sai dai ni in je in nemi aikin, tunda bakina ba ya hutawa.

Da haka ya shiga kamfe. Duk shafin da aka buɗe ƙuri'ar masoya sai ya gano shi. Ya zaɓi Mai Furfura da wayarsa, ya zaɓa da tawa, ya kira 'yarmu da ke aiki a asibiti ya ce ta bi abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin ɗinkina shi ne ɗakin gaba, mai benci ɗaya da madubi mai tsaga a kusurwa, nan ya mayar ofishinsa. Mace ta zo a auna ta, ina riƙe da tef a bakina, sai in ji shi a baya yana cewa Hajiya ɗan ba ni wayarki minti ɗaya. Wata ta zo karɓar rigar da ban gama ba, ta tafi ba riga, amma ta yi zaɓe. Na sha gaya masa masu fim ɗin nan ba su san da zamanmu a duniya ba, balle su tambaye mu. Ya ce suna dubawa, ni ce ban san harka ba. Na gaji na bar shi.

Abin da ya fi ƙarfi a shafin kamfaninsu ya yi shi. Kullum sai ya rubuta dogon bayani, a zo a yi ta musu a ƙarƙashi, shi kuma yana amsa wa kowa da tabarau a ƙarshen hanci, shayinsa ya huce a gefe. Mutumin da a da in ka ce ya aika saƙo sai ya ce yatsunsa sun yi kauri.

Sai ga shi wata safiya an sanar, Mai Furfura aka ɗauka. Ya shigo ɗakin ɗinki ba takalmi yana nuna min waya, ya ce to yanzu wa ya san harka. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Murnar ba ta kai ko'ina ba. Manajan kamfani ya ga yadda shafinsu ya cika da jama'a saboda rubuce-rubucen Baban yara, sai dabara ta zo masa. Ya ce wannan karon ba shi zai zaɓi murya ba, masu kallo za su zaɓa. Mutum uku za su karanta magana iri ɗaya, a saka ba suna, sai lamba. Da Baban yara, da wani mai karanta labarai a rediyo, da wani matashi na kamfanin da suke kira Ɗan Gemu, wanda ya saba yin muryoyin 'yan daba da direbobi. Daga Manaja sai mai haɗa sauti suka san wace lamba ce ta wa.

Baban yara ko a jikinsa. Ya ce an kawo wasan gidansa.

A nan sai na faɗi wani hali nasa. Tun da ya fara aikin nan ba ya sauraron abin da ya ɗauka. Yana gama magana zai cire abin kunne na sauraro ya fita, ya ce wanda ke sauraron kansa gobe kwaikwayon kansa zai yi. Abokan aikinsa har alfahari suke da shi a kan haka. Finafinan ma ba ya kallo. Na farko kaɗai yake da shi a faifai, wanda ya yi kafin aurenmu, shi ne yakan saka in baƙi sun zo.

Ranar da aka saki muryoyin ina yanka yadi a kan tebur. Ya zauna a benci ya ƙure ƙarar waya. Maganar gajeriya ce, ɗan leƙen asirin yana gaya wa wani mugu cewa ya zo a makare amma ba zai koma shi kaɗai ba. Ta farko ba ta ɓuya ba, ta mai rediyo ce, kamar zai ce ga kanun labarai. Da ta biyu ta fara sai da almakashi ya tsaya a hannuna. Murya ce cikakkiya, sumul, mai ɗan murmushi a ƙarshe, irin wadda ta riƙa yi min sallama a ƙofar gidanmu ina budurwa. Sai ta uku. Ita kuma na san ta kamar yadda na san ƙarar kekena. Ga ɗan fito da ke fita tare da harafin "s" tun da aka cire masa haƙorin gefe. Ga numfashin da yake ja a tsakiyar magana, inda a da ba ya ja. Ita nake ji kullum tana tambayata ina aka ajiye maganin hawan jini.

Baban yara ya kwashe da dariya har yana buga cinya. Ya ce Ɗan Gemu ya ga furfura a kan jarumi, shi ne ya shaƙe maƙogwaro don ya yi muryar manya, ya ɓige da muryar majinyaci. Ya sake saka ta biyu ya lumshe ido.

Na ajiye almakashi. Na ce, "Baban yara, ta uku ce taka."

Ya buɗe ido ya dube ni kamar na zage shi. "Me kika ce?"

"Ta biyu ba kai ba ne. Kai ne na uku."

"Shekara nawa ina wannan aiki, yau ke za ki koya min muryata? Ki ji da zarenki."

Na sake faɗa masa da rana, a hankali, bayan ya ci abinci. Ya ce dama ni tun farko ban taɓa yarda da shi ba, na ce masu fim ba sa dubawa, ga shi sun duba. Na kira 'yarmu na ce ta saurara. Ta saurara, sannan ta ce Mama ai Baba ne na uku. Na ce to ki gaya masa. Ta gwada, ya ce uwarta ta riga ta zuga ta, ya kashe waya. Na ce ya tambayi mai haɗa sauti, ya ce shi ba ya bin bayan fage, kuma ba ya tambayar abin da ya sani. Wallahi na gaji. Raina ya ɓaci, tausayinsa kuma ya hana ni in yi masa ihu, sai na koma kan kekena.

Kamfe ya dawo sabo, yanzu na lamba biyu. Matan da suka zaɓi Mai Furfura a ɗakina suka sake miƙa wayoyi. Ni dai na ɓoye tawa a cikin kwandon ƙyalle na zaɓi uku. Bai tsaya nan ba. Ya hau shafin ya rubuta cewa mai murya ta uku a taimaka a kai shi asibiti kafin ya kama mugu, ya sa masa suna Kaka Mai Tari. Abin ya yi wa mutane daɗi, suka ɗauka. Kafin ka ce me, har hoto an haɗa, tsoho da kwat da sanda. Yana karanta min yana share hawayen dariya, ni ina ta taka keke da ƙarfi don kada in ji.

Ranar bayyana sakamako ya ce dole in raka shi. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa taro wanda ni na rage masa ƙugu, ya fesa turare har na yi atishawa. Kamfanin a hawa na biyu yake, saman wani shagon kayan lantarki. Ɗaki ne matsattse, an manna soso a bango, wayoyi sun bi ƙasa ko'ina sai ka ɗaga ƙafa. A gefe akwai ƙaramin ɗakin ɗaukar murya mai tagar gilashi, da kujera ɗaya da makirufo. An jera kujerun roba da lemon kwalba. Mai haɗa sauti ya gaishe mu bai ɗago ido ba, nan na tabbatar kunnena bai yi min ƙarya ba.

Manaja ya tsaya gaban wayar da aka kafa tana haska taron kai tsaye. Ya yi godiya, ya ja zance, sannan ya ce lamba biyu ta yi nasara da rata mai yawa. Baban yara ya gyara kwat ya fara miƙewa. Manaja ya kira Ɗan Gemu.

Baban yara ya tsaya a haka, bai miƙe ba bai zauna ba, har na jawo gefen kwat ɗin. Jama'a suna ta tafa wa Ɗan Gemu. Da ma yaron nan ya yi girman kai da abin ya zo da sauƙi, amma ina. Yana gama gaisawa da Manaja ya taho ya durƙusa a gaban Baban yara.

Ya ce, "Baba, wannan nasararka ce. Tun ina ƙarami na haddace fim ɗinka na farko, daga farko har ƙarshe. Duk abin da suka ji, naka ne na ɗauka."

Baban yara ya dafa kansa ya ce Allah ya yi albarka. Manaja ya matso yana cewa ai ba a rabu ba, akwai shugaban ɗan leƙen asirin da ke fitowa a farkon fim ya ba da umarni, za a duba ko a ba shi muryarsa. Baban yara ya juya wajen mai haɗa sauti ya ce ya saka masa ta uku.

Ya shiga ƙaramin ɗakin ya ja ƙofa, ya zauna ya sa abin kunne. Ta gilashi nake kallonsa. Maganar ba ta da tsawo, amma ya ɗaga yatsa a sake, aka sake. Ya kai hannu ya taɓa kuncinsa, gefen da babu haƙorin. Sannan ya cire abin kunnen ya rataye shi a hankali ya fito, muka sauka ba mu sha lemon ba.

Bas ɗin da muka shiga a cike yake, kuma zancen ne a bakin kowa, sun gani a waya. Wasu na cewa Ɗan Gemu ya cancanta, wasu har sun fara musun wa za a ɗauka bayan Mai Furfura, tunda shi ma ba yaro ba ne. Wani saurayi a gabanmu ya shaƙe murya yana kwaikwayon Kaka Mai Tari, yana tari na ƙarya, mota ta ɗauki dariya. Ya waiwayo ya ce, "Baba, kai wa ka zaɓa?"

Baban yara ya ɗaga masa yatsu biyu ya mayar da kai taga.

Muka wuce gidan mai, muka wuce makaranta, layinmu ya matso. Na jira ya yi wa direba magana. Ya buɗe baki, sai ya rufe. Mota ta kusa wuce kwanar, ya taɓa min gwiwa da hannu yana nuna gaba da haɓa.

Na ɗaga murya na ce, "Direba, akwai mai sauka."